Kafin a kira 'yan gwangwan su auna motar Baba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, Allah ya ƙara basira. Don Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, kuma tun yanzu a yi min afuwa don wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, abin ya daɗe yana cina a rai, amma abinda na gani ranar Asabar ɗin da ta wuce ne yasa nace yau kam sai na rubuta ko da kwandon shara za ta faɗa.

Na taso daga wajen ɗaurin aure a bayan layinmu nan Zariya sai na ga yara sun yi cincirindo a ƙofar wani gida, ina jin ƙarar guduma kau kau tun daga nesa, na ɗauka gini ake rushewa. Ina leƙawa sai na ga samari uku 'yan gwangwan da guduma da gatari sun tasa wata Peugeot 504 ruwan toka a gaba, sun riga sun cire ƙofofi biyu sun jingine a bango, ɗaya ya hau kan rufin yana sara, ga sikelinsu a gefe da amalanke. Mai gidan dattijo ne, bara ya rasu, na san motar sarai don kullum in na wuce sai na kalle ta a ƙarƙashin rumfar kwano, kuma wallahi bodinta ya fi na wasu motocin da ke yawo a titi yanzu lafiya. Na taɓa ƙofar da aka cire, na ƙwanƙwasa, ƙarfe ne na gaske. Na tambayi ɗaya daga cikin magadan nawa suka sayar, da ya faɗa min kuɗin sai na yi shiru, don ko tsohon babur mai shan mai ba zai saya ba. Yace ai Malam ta tsare mana fili ne kawai kuma rabon gado ake so a gama. Ban ce masa komai ba, me zan ce, an riga an sare rufin. Abinda na iya kawai shi ne na sayi ɗan zakin nan na gabanta a hannun wani yaro da ya riga ya ɓalle shi yana wasa da shi, na sa a aljihu na dawo gida, abincin rana ma ban iya ci ba.

Dalilin da yasa abin ya taɓa ni haka, nima ina da irinta, kuma saura ƙiris ita ma ta hau sikeli.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne. Yayi aiki a yankin Funtua da Bakori da Malumfashi lokacin da auduga ke da daraja, kuma a 1981 ya ci bashin mota na ma'aikata ya je Kaduna ya ɗauko 504 ɗinsa sabuwa dal, ruwan madara, ledar kujerunta ma sai da Inna ta yi masa magana sannan ya cire bayan wata shida. Yara na yanzu in kace musu a Kaduna aka haɗa ta sai su ɗauka tatsuniya kake, alhali tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, mu dai Fijo muka taso muka ji ana cewa, kuma a farkon lamarin ma da tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe ta jirgin sama ake kwaso kayan daga Lyon ta Faransa a sauke a Kano sannan a wuce da su Kaduna a haɗa. Baba yana son ba da wannan labarin, yakan ce motarsa ta hau jirgin sama kafin shi ya hau. A lokacin ba Fijo kaɗai ba ce, ana haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, amma dai 504 ce ta kowa, ita ce ta sakatare ita ce ta hedimasta, doguwar ita ce a tasha daga Kaduna zuwa Sakkwato ko Kano zuwa Maraɗi, akori-kurar kuma ta 'yan kasuwar ƙauye da buhunan masara har sama.

A cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka kai Inna asibiti haihuwar autarmu, a cikinta aka kai yayyena mata biyu gidan miji, kuma duk unguwa in ciwo ya tashi cikin dare ƙofarmu ake bugawa. Sai da ta shekara 21 tana aiki. A 2002 yana dawowa daga ta'aziyya a Katsina lagireto ya tsiyaye bai lura ba, injin ya yi zafi ya buga, aka jawo ta da igiya har gida, lokacin kuma ya yi ritaya kuɗin fansho yau akwai gobe babu, ga mu da yawa a makaranta, sai ya sa aka ɗora ta kan duwatsu a gindin darbejiyar tsakar gida yace sai hali ya samu. Hali bai samu ba sai bayan shekara 14. A tsakanin nan kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, ɓeraye sun cinye wayoyi, Inna ta mayar da bonet wajen shanya kuɓewa da barkono, jikoki kuma suna shiga suna juya sitiyari suna vuuu da baki. 'Yan gwangwan sun yi sallama ya fi sau goma, kullum amsarsa ɗaya ce, ba ta siyarwa ba ce, ku gaida gida.

A 2016 na dawo Zariya da aiki, wata Juma'a bayan masallaci na shiga gaishe shi sai yace, kai, zauna. Na zauna. Yace so nake mu tada motar nan ni da kai. Gaskiya Edita ban ji daɗin maganar ba, shekarar nan kowa ya san yadda dala ta tashi komai ya yi tsada, ni kuma ina da 'yar Kwatano ta da nake lallaɓawa, nace a raina tsufa ne ya fara taɓa Baba, amma wa ya isa ya ce masa a'a, nace to Baba Allah ya ba mu iko. A zuciyata na ɗauka nan da wata biyu zai manta.

Bai manta ba. Asabar da sassafe sai ga shi ya aiko yaro wai in zo da tsofaffin kaya, ina zuwa na tarar ya riga ya kira wani tsohon bakanike abokinsa wanda tun yana saurayi Fijo kawai yake gyarawa, dattijo ne mai ɗan doro da hular da baƙin mai ya riga ya rine, ya zagaya motar sau biyu bai ce uffan ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya caka sukundireba a ƙasan ƙofa ya ga tsatsa ba ta huda ba, sannan ya miƙe ya ce wa Baba, Malam ai wannan barci take ba mutuwa ta yi ba. Ranar muka rataya sarƙa a reshen darbejiyar nan muka ɗago injin, ni da almajirai biyu muna ja dattijon yana ta faɗa a hankali a hankali kar ku fasa min ita, Inna tana daga ƙofar kicin tana salati wai za mu karya mata bishiya.

A nan na fara sanin dalilin da yasa motar nan ta daɗe a ƙasar nan har cikin shekarun 2000 ana haɗa ta a Kaduna, bayan su kansu Faransawan da suka fito da ita a 1968 sun daina yin ƙaramar tun 1983. An yi ta ne yadda mutum da sufana da haƙuri zai iya warware ta ya mayar. Injin a kishingiɗe yake gefe guda, hannunka yana kaiwa ko'ina. Silindarta ba a jikin injin aka zuba ta ba, zarewa ake yi kamar gwangwani a sa sabuwa da fistin da ringi, injin ya dawo kamar jiya aka yi shi, shi yasa za ka ga direban tasha ya sauke inji sau uku sau huɗu a mota ɗaya tana nan tana gudu. Ga tsayi daga ƙasa, ga laushi a kan gargada, Baba yace akwai hanyar wani ƙauye bayan Bakori da damina daga tarakta sai ita ke shiga. Kuma duk wanda ya zo kallonmu sai ya gaya masa cewa irin wannan ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, kamar shi ne ya tuƙa.

Kayan gyara kuwa shi ne wahalar. Mun yi Panteka a Kaduna ya fi a ƙirga, mun yi Ƙofar Ruwa a Kano sau uku, wani abin sai ka tona tarin ƙarafa kamar mai neman allura, wani kuma sai mai shago ya kalle ka ya yi dariya yace Alhaji ai wannan sai gidan tarihi. Akwai inda wani mai shago ya sayar min da gaskit a kwali mai kyau yana rantsuwa na asali ne, muka ɗaura muka gama murna, kwana uku ina zaro sandar duba mai na ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗe da mai, dole aka sake kwance kan injin gaba ɗaya. Ranar na yi fushi sosai nace Baba don Allah mu haƙura, kuɗin nan da an sa a wani abin. Bai ɗago ya kalle ni ba, yana ta goge noti da tsumma, yace miƙo min lamba 13. Na miƙa masa. Shikenan maganar ta mutu.

Amma ba labarin ƙarfe ne ya sa na ɗauki biro ba. Ka san yadda muke da iyayenmu maza a ƙasar Hausa, musamman 'yan zamaninsu Baba, ni dai tunda na yi wayo ban taɓa zama da shi na minti goma muna hira ba, daga ina kwana Baba, lafiya lau, ya iyali, sai to Allah ya yi albarka, ka tashi ka fita kana sunkuyar da kai. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce da girmamawa, haka muka taso muka gani. Toh sai ga shi a ƙarƙashin mota babu wannan, don ba kallon juna kuke ba, shi yana kwance kan buhu yana kallon sama ni ina riƙe da tocila, sai kawai bakinsa ya buɗe. A nan na ji yadda mahaifinsa ya ɓoye shi a rumbu don kar a kai shi boko, da yadda aka kamo shi daga baya. A nan na ji cewa kafin Inna akwai wadda ya so aka hana shi, abinda ko Yaya bai sani ba. A nan na ji cewa shekarar da na faɗi jarrabawa ya zane ni, daren bai yi barci ba, ya fito ya zauna a cikin motar nan har asuba. Yana faɗa yana ɗaure noti kamar labarin wani yake bayarwa, ni kuma tocilar tana rawa a hannuna har yace kai haska nan mana ina kake haskawa.

Kafireta kuwa shi da kansa ya wanke ta, bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya sa aka kawo masa tasar Inna ta silba, abinda ya jawo rigimar kwana biyu, ya zuba fetur ya warware ta ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan farin ƙyalle bisa tsari yadda ya ciro su, 'yan ƙananan jet ɗin nan yana ɗaga su sama yana hango rana ta cikin hudar, in bai ga haske sosai ba ya sa baki ya hura, ya hana ni sa waya a ciki yace waya tana faɗaɗa huda mota ta koma mashayiya. Kwantak kuma da kwalin ashana ya auna tazararsa, na kawo masa ma'auni na gaske da na saya ya gwada ya ga daidai da kwalinsa, ya miƙo min abuna yace ajiye kayanka. Shi kuma dattijon bakanike in yana saita silo sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin ya kafa kunnensa a kan ƙotar ya rufe ido, can sai yace bawul na uku yana magana. Wani yaron gareji da ya zo taya mu ya tambaya ina ake jona kwamfuta a jikinta, dattawan biyu suka yi dariya har da tari. Ni ban ga laifin yaron ba fa, abinda ya tarar kenan kuma a motocin yanzu ya fi su iyawa nesa ba kusa ba, sai dai abin da ke kunnen tsohon nan ba a rubuta shi a ko'ina ba, kuma yanzu haka idonsa ya fara tafiya.

Ta tashi ne ana saura kwana huɗu babbar sallah a 2018. Batir sabo, an zuba ɗan fetur a bakin kafireta, Baba ya shiga ya ja cok ya murɗa makulli, ta yi gurnani ta yi shiru, ya sake, ta yi tari sau biyu ta tofar da wani baƙin hayaƙi da ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara a salansa, a na uku sai ta kama, gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙara, kaji suka watse, Inna da Umma abokiyar zamanta suka fito ɗaya ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Na leƙa ta taga in yi masa barka sai na ga ya juyar da fuska ɗaya gefen, hannunsa biyu a kan sitiyari, yace je ka kawo min ruwa in sha. Na gane, na tafi na daɗe ban dawo ba.

Walda da fenti da kushin sun ƙara cin kusan shekara, don sai an yi albashi ake taɓa wani abu, kuma ya dage sai ruwan madarar nan dai na asali, mai fenti ya haɗa kala sau uku yana cewa bai yi ba, sai da aka buɗe cikin but inda rana ba ta taɓa ba aka gwada da shi. Tafiyarmu ta farko mai nisa Funtua muka je, shi ya tuƙa har Giwa a kan 60 manyan motoci suna ta yi mana oda suna wucewa, a nan ya sauka gefen titi yace ƙafarsa ba ta iya danne kuloci kamar da, ya zagayo ya zauna a gefe ya miƙo min makulli yace ja mu je, ai dama taka ce. Wannan kalmar ya maimaita ta ya fi sau biyar a shekarun da suka biyo, amma kullum daga ni sai shi, kuma kullum in mun dawo sai in mayar masa da makullin ya rataye a ƙusar ɗakinsa, don ni a ganina rashin kunya ne in tafi da motar uba yana raye.

Allah ya yi masa rasuwa da daminar 2021 bayan gajeriyar jinya. A motar muka bi gawarsa zuwa maƙabarta.

Bayan an share makoki aka kira malami don rabon gado, aka lissafa gida da gona da 'yan kuɗin banki, sai aka zo kan mota, ni kuma da gaba gaɗi nace ai wannan Baba ya ba ni. Malamin ya tambaye ni cikin natsuwa, akwai shaidu, nace babu. Ka karɓe ta ta koma hannunka yana raye, nace a'a makulli ma yana ɗakinsa, takardu da sunansa. Yace to ɗana ba ƙaryata ka nake ba, amma a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu, in kuma ka ce wasiyya ce to babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda, don haka mota tana cikin gado. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Baba ya bar mata biyu da mu maza uku da mata huɗu, matan suka raba tumuni, in ka kasa motar kashi 80 kowace uwa tana da 5, kowace 'ya mace 7, kowane namiji 14. Wato duk kwanciyar da na yi a ƙarƙashinta shekara uku, abinda na mallaka bai wuce ƙofa ɗaya da taya ba.

Nan fa Yaya yace a kira masu saye a yi mata kuɗi kowa ya ɗauki nasa, kuma wanda ya fara zuwa da sikelinsa kun san ko waye. Na yi magana mai zafi ranar wadda har yanzu ina jin kunyarta, nace lokacin da ake hurawa kafireta baki ina kuke, Yaya yace lokacin da nake biyan kuɗin maganinsa kai kana ina, kuma gaskiyarsa ne, shi ya ɗauki nauyin asibiti kusan duka, ga 'ya'ya tara a gabansa. Muka yi sati uku ba ma ko gaisawa sai a masallaci.

Abinda ya raba gardamar wani tsohon littafi ne mai baƙin bango da Inna ta ciro daga aljihun motar. Ashe tun 1981 Baba yake rubuta komai, ranar da aka yi sabis, ranar da aka sa taya, litar mai da kilomita, da ɗan rubutunsa na malaman da mai kwanciya gefe. Daga 2016 kuma sai ya buɗe sabon shafi, duk abinda na saya da kuɗina ya rubuta kwanan wata da adadi, fistin, lagireto, batir, fenti, har gaskit ɗin bogin nan da kuɗin motar zuwa Kano, kuma a saman kowane shafi ya rubuta rance daga wajen yaro ya sa hannu. Ni ban taɓa ranta masa ko kwabo ba, ban ma san yana rubutawa ba. Malamin ya duba, aka kira dattijon bakanike da wani maƙwabci suka tabbatar da rubutunsa ne kuma a gabansu aka sayi yawancin kayan, sauran magada ba wanda ya musa, sai yace bashi kafin gado ake fitar da shi. Aka kira mutum biyu da suka san mota, ba masu awo ba, suka yi mata kuɗi a matsayin mota mai tafiya, aka cire abinda littafi ya nuna, ragowar na ɗauki alkawarin biyan kowa kasonsa. Wata 14 na yi ina biya. Umma tace ta yafe nata, ita dai duk sallah in zo in kai ta gidan 'yan uwanta a ciki. Babbar yayarmu ma ta yafe. Yaya ya karɓi nasa cif, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, haƙƙinsa ne, ranar da na kai masa cikon ƙarshe ma shi yace in ba shi ya ɗan zagaya da ita, ya dawo yana cewa birkinta yana ɗan ja hagu a duba.

Har yau ina tunanin me yasa mutumin da ya iya rubuta kuɗin fulogi bai rubuta layi ɗaya cewa ya ba ni mota ba. Wani lokacin ina ganin mantuwa ce, wani lokacin kuma ina ganin da gangan ne, don ya san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da aka hana uba fifita ɗa guda da kyauta, ƙila bai so ya tafi da haƙƙin sauran ba, sai ya bar min hanyar da zan same ta ba tare da an cuci kowa ba. Amma ba kowane gida ne ke da irin wannan littafin ba, shi yasa nake roƙon iyayenmu, in har kun yi niyyar ba wa ɗa wani abu, mota ce ko keken ɗinki ko kayan sana'a, ku kira 'yan uwansa ku faɗa a gabansu ku miƙa masa ya tafi da shi a canza takarda, ku kuma duba sauran da wani abin, kunyar nan da muke ji ita ce take komawa ƙiyayya bayan an binne ku. Malamanmu masu wa'azi a rediyo su ma don Allah su riƙa taɓo wannan babin na kyauta da karɓa, mutane da yawa ba su san shi ba sai ranar rabo, ni da na yi boko har jami'a ban sani ba.

Su kuma magada, ni ban ce kowa ya zama irina ba. Na san halin da ake ciki, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ni kaina sai Juma'a da sallah nake fito da ita, tana shan mai ba wasa, babu na'urar sanyi, sitiyarinta sai ka ci tuwo ka ƙoshi, matata ma ce mata take kishiya. Kuma 'yan gwangwan ba ɓarayi ba ne a wannan cinikin, sana'arsu suke, an kira su ne suka zo. Abinda nake cewa kawai kar su zama su ne kiran farko. A fara tambaya a cikin gida ko akwai mai so ya biya a hankali, in babu a je tsofaffin garejin Fijo a faɗa, akwai masu nema, ko ba za ta tashi ba gilashinta da fitilunta da ƙofofinta za su tada wasu uku, kuma kuɗin da za a samu ya fi na kilo, marayu ma sun fi amfana. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki a 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas mutane suna zuwa kallo, to ita ma wadda aka haɗa da hannun 'yan Kaduna ta kai rabin Arewa makaranta da asibiti ai ta cancanci a samu inda za a ajiye ko guda uku, ƙarama da doguwa da akori-kura, a Kaduna ɗin dai inda aka haife su, yaran makaranta su je su gani su taɓa, a kuma ɗauko irin su dattijon bakaniken nan a naɗi maganarsu tun suna iya yi. In wani mai hali ko jami'a ko gwamnatin jiha ta ɗauki wannan, ni zan ba da aron tawa duk ranar da aka buƙata, aro fa nace.

Jiya da magariba ina zaune ƙofar gida sai ga autan dattijon nan da aka sare motarsa, yaro ne ɗan sakandare, ya gaishe ni ya tsaya yana murza hannu, can yace wai an ce masa ni na sayi zakin motar babansu, ko zan sayar masa, yana da ɗari biyar. Na shiga na ɗauko na ba shi nace riƙe kuɗinka. Ya juya zai tafi sai ya hango tawa a rumfa ya tsaya yana kallo, nace ranar Asabar zan canza mata fambel in kana da lokaci ka zo ka riƙe min tocila, ka zo da tsofaffin kaya. Yace to Baba.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Mai karanta ku kullum,
daga Zariya.